Ranar da Muka Jera Duniyoyi a Bakin Layin Dogo

Ina da shekara goma sha tara aka ba ni aji. A shekarar ce gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, yara suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka har ajujuwa suka kasa ɗauka, malamai kuma suka yi ƙaranci. Irinmu da muka yi ɗan gajeren horo aka kwaso aka rarraba. Ni aka turo ni wata firamare a gefen Kafanchan, can wajen da layin dogo ke fita ya nufi kudu. Gidanmu yana wani ƙauye bayan Godogodo, don haka na sauka wurin ƙanwar babana, wadda nake kira Mama. Kunu da ƙosai take sayarwa a wata rumfa kusa da tasha.

Da farko an ce aji biyu zan riƙe. Da na je, sai na tarar malamin aji shida ya sami aiki a Kaduna ya tafi. Hedimasta ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Rubutunki ya fi na sauran kyau. Shiga." Wasu yaran ajin sun fi ni tsawo.

Wajen ƙarshen damina littafinmu ya kawo mu kan rana da duniyoyi tara da ke kewaya ta. Tara ne a lokacin. Jikokina sun ce yanzu takwas ne, wai an cire ta ƙarshen don ta cika ƙanƙanta. Na ce su da malamansu su ƙarata, ni dai tara na sani. Na jera sunayen a allo yadda littafin ya kawo su: Makuri, Binus, Duniyarmu, Mas, Jufita, Satan, Yuranus, Naftun, Fuluto. Gaban kowace na rubuta nisanta daga rana. Tamu mil miliyan casa'in da uku. Ina nunawa da sanda yara suna maimaitawa da ƙarfi, har ajin da ke kusa suka aiko wai mu rage murya.

Ana cikin haka wata yarinya a bencin gaba, 'yar wani mai gyaran keke, ta ɗaga hannu.

"Malama, mil miliyan ɗin nan ya kai daga nan zuwa Jos?"

Aji ya kwashe da dariya. Na ce ya fi.

"Ya kai Legas?"

"Ya fi."

"To ya kai ina, Malama?"

Na daka mata tsawa, na ce ta rufe mini baki ta kwafi abin da ke allo. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da kwafa har aka tashi. Gaskiyar magana ni ma ban sani ba. Ni da ban taɓa wuce Jos ba, ina zan san inda miliyan ya tsaya? Kunya ce ta sa na yi mata tsawa, kuma kunyar ta raka ni har rumfar Mama.

Akwai wani dattijo da ba ya fashin zuwa rumfar nan in ya tashi aiki. Ibo ne, ma'aikacin reluwe, aikinsa duba layi. Kullum da sassafe yakan bi layin da ƙafa, doguwar guduma a kafaɗa, tuta ja da kore a aljihun baya, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana sauraro, in ya ga noti ya kwance ya ɗaure. Tun kafin a haife ni yake Kafanchan. Lokacin tashin hankali ya kwashe iyalinsa suka tafi gida, bayan yaƙin basasa ya dawo bakin aikinsa shi kaɗai. Baba kowa ke ce masa. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwansa da mace ko namiji, kowa "ka" ne a wurinsa. Mu ma da yake ba da Hausa aka yi mana goyo ba, ba mai yi wa wani dariya.

Ran nan ya dube ni ta saman kofin kununsa ya ce, "Malama, me ya same ka? Yara sun buga ka?"

Na buɗe littafin na nuna masa, na gaya masa tambayar yarinyar. Ya goge hannunsa a wando, ya karɓa, ya nisanta shi da idonsa yana karantawa a hankali. Ashe ya gama aji shida a makarantar mishan tun zamanin Turawa, lissafi kuma shi ne abincinsa.

"Wannan lamba ya yi girma," in ji shi. "Lamba in ya yi girma, sai a yanka shi. Haka masu awo suna yi in za su zana layi a takarda."

Ya zaro guntun fensir daga bayan kunne, ya jawo takardar da Mama ke naɗe ƙosai. Ya ce mu ɗauka daga rana zuwa duniyarmu silifa goma ce. Silifa su ne ƙarafan nan da ake shimfiɗawa a gicciye ƙarƙashin layin dogo, tsakanin ɗaya da ɗaya bai wuce taki guda ba. Ya duƙufa yana rabawa yana gunguni da yarensu. Makuri ta faɗa a silifa ta huɗu, Binus ta bakwai, mu ta goma, Mas ta goma sha biyar. Da ya zo kan Jufita sai ya tsaya, ya sake lissafin. Hamsin da biyu. Satan casa'in da biyar. Yuranus ta kusa ɗari biyu, Naftun ɗari uku, Fuluto kuwa saura kaɗan ta cika ɗari huɗu.

Ya ajiye fensirin ya dafa kai. "Kai! Huɗun farko duka suna tsakar gida ɗaya. Sauran sun tafi cin rani."

Ya roƙe ni aron littafin. Washegari ya dawo da shi da wani sabon lissafi, idonsa yana ƙyalli kamar yaron da aka saya wa takalmin Kirsimeti. Ya ce in dai nisan silifa goma ne, to girman rana ba zai wuce lemo ɗaya ba. Ya ɗauki lemo daga tiren wata mai talla ya ɗaga. Jufita ƙwayar wake, Satan wake ƙarami, Yuranus da Naftun ƙwayar gero. Ƙananan kuwa yashi ne kawai.

"Tamu fa?" in ji Mama, tana juya ƙosai a mai.

"Acca. Ƙwaya ɗaya. Shi ma ya ɗan yi masa yawa."

Mama ta ajiye matsamin ta riƙe haɓa. "Duniyar nan duka? Da Jos da Kaduna da dutsen Kagoro, ƙwayar acca? Baba, sha kununka kafin ya huce."

Da na gaya mata Binus ɗin nan ita ce Zara da take gani kusa da wata, sai ta ɗan sauko. Ta ce wannan kam ta san ta tun tana yarinya, amma ba wanda ya taɓa gaya mata tana da sunan boko.

Shawarar kai yara bakin layi daga Baba ta fito. Da na kai wa hedimasta maganar, ko zama bai ce in yi ba.

"Yara arba'in a kan hanyar jirgi? So kike a kore ni daga aiki?"

Na koma na gaya wa Baba. Kwana biyu bayan haka sai ga shi a ofishin hedimasta da kakinsa an goge shi har yana ɗaukar ido, hula a hannu. Ya yi bayani dalla-dalla. Ran Alhamis, in jirgin safe ya wuce, ba wani sai bayan azahar. Yara za su bi 'yar hanyar ƙafa da ke gefe, shi kaɗai zai taka layi, zai kuma kafa jar tuta. Hedimasta ya yi ta juya biro a hannu, can ya ce ya yarda, amma da shi za a je.

Muka manna ƙwayoyin da sitaci a kan guntayen kwali, kowanne da sunansa. Ranar Alhamis gari ya waye tas. Ciyawa ta yi tsawo a gefen layi, har yanzu da sauran raɓa, duwatsun Kagoro sun fito shuɗi-shuɗi kamar an wanke su. Yara suka jeru biyu-biyu, hedimasta a baya da baƙar lemarsa.

A gindin wata alamar mil muka tsayar da yaron da ya fi kowa tsawo, muka ba shi lemon ya ɗaga sama. Baba ya hau layi ya fara takawa, yara suna ƙirga masa da ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, aka ajiye mai riƙe da Makuri. Kafin ka ce kwabo an ajiye huɗu, suna tsaye kusa da juna har suna tsokanar juna. Wadda ta riƙe duniyarmu ta kai kwalin dab da hancinta tana neman accar. Yara suka fara cewa ashe abin ba wuya, yanzu za a gama a koma.

Daga nan tafiya ta miƙe. Aka wuce ashirin, aka wuce talatin, babu komai. Aka wuce arba'in. Surutu ya fara raguwa. Sai a hamsin da biyu Baba ya buga gudumarsa a ƙarfe, aka ajiye ƙwayar wake.

A casa'in da biyar rigima ta tashi. Yarinyar da na ba kwalin Satan ta fashe da kuka, ta ce babanta dattijon coci ne, in ya ji ta riƙe Shaiɗan ba za ta kwana a gida ba. Na yi bayani cewa rubutun daban ne, sunan ne kawai ya yi kama a bakinmu. Ina! Na miƙa wa na kusa da ita, ya ɓoye hannu a baya. Duk wanda na duba sai ya kau da kai. Ƙarshe hedimasta ya yi tsaki ya fizge kwalin, ya tsaya a wurin da lemarsa a buɗe. Har shekara ta ƙare, in ya juya baya, sunan da yara ke kiransa ke nan.

Daga nan ba mai dariya kuma. Rana ta fara zafi, muryoyin masu ƙirga suka dushe, sai ta Baba kaɗai da ƙarar takalminsa a kan ƙarfe. Muka ajiye Yuranus kusa da wata gonar dawa, muka ajiye Naftun bayan wani ɗan kwalbati. Sauran yaran suka zube a inuwa a wurin, suka ce sun gaji. Saura mu uku: ni, da Baba, da 'yar mai gyaran keke. Da gangan na ba ta Fuluto, don ban san yadda malama ke ba ɗaliba haƙuri ba.

Da Baba ya buga guduma karo na ƙarshe, muka juya muka dubi baya. Ana hango yaron can kamar tsinke, hannunsa a sama, amma lemon ba ya ganuwa ko kaɗan. Yarinyar ta dubi ƙwayar yashin da ke kan kwalinta, ta sake duban inda muka fito.

"Malama," ta ce a hankali, "duk tsakanin nan ba kowa?"

"Ba kowa."

"Ba ta jin sanyi?"

Baba ne ya amsa. "Yana ji sosai. Kai ka yi tambaya mai kyau. Kar ka daina."

Ta ruga ta koma wurin 'yan'uwanta don ta ba su labari. Ni da Baba muka biyo baya a hankali. Mun yi 'yar tafiya, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na fari na mace ne. A nan garin ya yi aji shida. Shi ma malama ya so ya zama."

Na ce, "Tana ina yanzu, Baba?"

"Ya rasu a gida, lokacin yaƙi. Ba bindiga ba. Ciwo ne, ba magani." Ya gyara gudumar a kafaɗa. "Da yanzu ya girme ka kaɗan."

Na ce Ubangiji ya ta'azantar da shi. Ya ce amin. Ya ce matarsa ta rantse ba za ta sake hawa jirgin arewa ba, shi ya sa take can da sauran yaran, shi kuma yakan je musu da Kirsimeti. Bai ƙara tayar da maganar ba har muka rabu, ni ma ban tambaya ba.

Tun daga ranar ya daina ce mini Malama in ba a gaban yara ba, sai "yarinya na". In na je gida na dawo, sai na ware masa doya da ɗan garin acca. Shi kuma duk jaridar da fasinja ya bari a jirgi, in akwai labarin sama a ciki, sai ya yanko ya kawo mini. Ran Lahadi bayan an taso daga coci yakan biyo ta gidan Mama, mu zauna a gindin mangwaro yana duba littattafan lissafin yarana, yana kama kurakuran da ni na tsallake.

Sau ɗaya ya bi ni har ƙauyenmu, lokacin girbi. Muka hau motar katako zuwa Godogodo, muka ƙarasa da ƙafa. Shi da babana suka zauna a kan kututture, kowa da karyayyar Hausarsa, suka yi hira har yamma kamar tare suka yi yaranta. Baba ya zana masa duniyoyin a ƙasa da tsinke. Babana ya saurara da kyau, sannan ya tambaya, bayan ta ƙarshen sai me? Baba ya ce ya riga ya yi wannan lissafin. Sai taurari, kuma kowane tauraro rana ne, wato wani lemon. In za a ajiye mafi kusa a kan layi, ko ka taka daga Kafanchan har Fatakwal ka dawo, ba ka kai wurinsa ba. Babana ya girgiza kai ya ce lalle Allah ba ya ƙarancin fili. Da za mu tafi ya kama zakara ya ba shi.

Shekara ta biyu muka sake jera duniyoyin da sabon aji. Wannan karon har wasu iyaye suka biyo mu kallo.

A babban hutun da ya biyo baya aka tura ni Zariya ƙarin horo. Na yi wa Baba sallama a rumfar Mama a tsaitsaye, ina sauri kar jirgi ya bar ni. Ya ce in sayo masa sabon fensir. Na sayo masa guda uku.

Da na dawo, tun daga yadda Mama ta karɓi jakata na san akwai magana. Ta ce takardar ritayarsa ta zo ba zato, aka kuma ce ana bukatar ɗakinsa na kwatas ɗin ma'aikatan reluwe. Ranar da zai tafi ya zo rumfa tun da safe da akwatinsa na ƙarfe, ya zauna ya sha kunu kofi biyu, yana ta tambayar yaushe zan dawo, alhali ya sani. Da jirgin kudu ya yi kuka, sai Baba ya miƙe, ya ce a gaya wa yarinyarsa ta yi haƙuri. Kwana tara ne tsakanin tafiyarsa da dawowata. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, Mama ba ta hana ni ba.

Wasiƙarsa ta zo bayan 'yan watanni, da Turanci, da rubutunsa mai tsabta irin na 'yan mishan. Ya ce yana noman rogo, gwiwoyinsa suna damunsa, ƙafarsa ta saba da ƙarfe ba ta jin daɗin taka ƙasa. Ya gai da Mama da babana da hedimasta. A ƙasa ya ƙara cewa ɗan ƙanensa ya karanta a jarida wai an gano Fuluto ma tana da wata nata, don haka in ƙara ƙwayar yashi ɗaya a kwalin. Na ƙara. Sai dai wanda ya gaje shi a aikin ya ce shi ba zai ɗauki alhakin yaran mutane ba, dole muka koma filin ƙwallo, muka matse lissafin har ya shiga. Yara sun gane, amma ba su gaji ba, ba su kuma yi shirun nan na bakin layi ba.

Na amsa wasiƙar, na sa fensiran a ciki. Na sake rubutawa sau biyu ta hannun cocin garinsu, yadda ya ce a yi. Ban sami amsa ba.

Sai bayan na yi aure na haifi 'ya'ya uku hanya ta kai ni gabas, ƙasar Ibo. Ɗan wata maƙwabciyarmu ne ya auri 'yar can, muka cika mota muka je biki. Da na ji garin Baba bai fi tafiyar awa ɗaya daga wurin ba, na saci jiki da safe na hau mota ni kaɗai. A coci aka haɗa ni da wata mata, ta bi da ni ta cikin itatuwan kwakwar manja har wani gida mai jan kwano. Wata tsohuwa tana zaune a ƙofa tana ɓare agushi. Matar ta yi mata magana da yarensu, na ji ta ambaci Kafanchan.

Tsohuwar ta ajiye tiren. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Sannu da zuwa," da wata Hausa da ta yi tsatsa don rashin amfani. Matar Baba ce. Ta ce ya rasu a daminar da ta biyo bayan komawarsa, zazzaɓi na kwana huɗu. Ta nuna mini kabarin a bayan gida, an shafe shi da siminti. Na durƙusa na yi addu'a, ita kuma tana tsaye ta dafa kafaɗata.

Ta hana ni tafiya sai na ci abinci. Muna ci Hausarta tana dawowa kaɗan-kaɗan. Ta tambaye ni ko har yanzu ana kawo doyar Kagoma kasuwa. Ta tambayi wata mata mai sayar da daddawa da suka yi maƙwabtaka, wadda ta ɓoye mata keken ɗinkinta lokacin da suka gudu. Ban san matar ba, amma na ce zan nema. Ta tambaya ko bishiyar gwaiba da ta shuka a bayan ɗaki na uku a kwatas tana nan. Na ce zan duba.

Ta rako ni har bakin titi, tana riƙe da hannuna, ta tsaya tare da ni a rana har mota ta zo. Da na zauna ta leƙo ta taga ta ce in gai da mutanen gida, duka, har waɗanda ba su san ta ba.